Kai! Kankana da Ƙuli-ƙuli a Akushi Guda!

Kai! Kai! Kai! Ku tsaya, don Allah ku tsaya in ba ku labari, wallahi cikina ba zai iya riƙe shi ba!

Kun taɓa cin kankana da ƙuli-ƙuli? A haɗe fa nake nufi! A akushi guda! Ga mangwaro, ga gurji, ga dabino, ga 'yar albasa, ga lemon tsami, ga ɗan yaji an barbaɗa a sama. Kuma da sanyi. Sanyi ƙarara! A gidan da ko firji babu, a lokacin da aka kwana biyu ba a ga ƙyallin wutar lantarki ba!

Ni na ci. A Miga na ci. A tsakiyar watan Afrilu, rana na dukan ƙasa kamar za ta tsaga ta. Har yanzu da nake wannan rubutu yawuna tsinkewa yake yi.

Bari in faro muku daga tushe.

'Yar Gwaggona ce za a kawo wa lefe. Mata goma sha biyu za su taso, wasu daga Dutse, wasu tun daga Kano. Kun dai san 'yan kawo lefe: ido a buɗe, hanci a buɗe. Abin da aka ajiye a gabansu, shi za su koma da labarinsa, shi za a yi ta juyawa a dangin ango har ranar ɗaurin aure. Ranar fita kunya ce. Shi ya sa tun saura mako guda Gwaggo ta aiko mini: "'Yar nan, ki zo ki kama mana."

Ana gobe za su zo na taso daga Dutse da ledojina niƙi-niƙi. Kwalbar mayonis, gwangwanin wake, ƙwai, kabeji. Haɗin salak irin wanda muka saba yi a birni. Muka bi ta Kiyawa, muka wuce Jahun, iskar da ke shigowa ta tagar mota kamar daga bakin tanderu take fitowa. Bazara kenan a Jigawa! Ma'aunin zafi ya haura digiri 40, akuya ma ta nemi gindin katanga ta lafe.

Gwaggo ta leƙa ledojin nan, ta ɗaga kwalbar, ta dube ni.

"'Yar nan, wannan farin man naki in ya kwana ya wuni cikin zafin nan, ai sai ya juya wa baƙi ciki. Ajiye shi. Gobe da asuba ki bi Baffanki fadama."

"Gwaggo, to me za mu ba su mai sanyi?"

"Ke dai ki bi shi. Gani ya kori ji."

Muna idar da sallar asuba Baffa ya tayar da babur. Muka ratsa jigawa, yashi fari fat, ciyawa ta bushe ƙamas, itatuwa sun yi furu-furu da ƙura. Ina ta faɗi a raina: a nan? A nan za a samu kayan marmari?

Sai muka gangara.

Kore! Jama'a, kore shar! Kamar an shimfiɗa darduma daga nan har inda ido ya tsaya! Ga albasa, ga tumatir, ga tattasai, ga shinkafar rani tana ta rausaya. Injin ban-ruwa na ta fat-fat-fat, ruwa na gudu a 'yan magudanai yana ƙyalli. Da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa! A watan Afrilu! Ƙamshin da muke jira sai damina ta faɗi, ga shi nan yana dukan hancina tun gari bai gama wayewa ba.

Fadamar Kogin Haɗeja kenan. Baffa ya nuna mini da haɓa.

"Ɗiyata, ruwan nan daga ƙasar Kano yake tahowa, daga dam ɗin Tiga da na Challawa. Da damina in ya tumbatsa sai ya haɗiye mana gona, yadda ya yi mana a 2022. Amma in ya janye, ya bar mana laka, ya bar mana danshi. Abin da ya ci da damina, da rani yake biya."

Muka shiga gonar kankana. Ga su nan kwance birjik a ƙarƙashin yaɗo, kamar jarirai sun sha nono sun yi barci. Na kai hannu zan ɗauki wadda ta fi girma, Baffa ya ce in dakata.

"Ba a girma take ba. Alama uku za ki duba."

Ya tsuguna. Ya nuna mini wani ɗan murɗaɗɗen zare da ke jikin yaɗo, daf da inda kankanar ta kama. In yana kore, ba ta ƙosa ba. In ya bushe ya yi ruwan ƙasa, ta isa tsinka. Ya mirgina ta, ya nuna mini cikinta, wurin da ta kwanta a ƙasa. In fari ne, a bar ta. In ya yi rawaya-rawaya kamar man shanu, a ɗauka. Sannan ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Dum! Dum! Kamar ganga mai nisa.

"Kin ji? Wannan ta amsa."

Ya ɗora mata wuƙa. Wallahi wuƙar ba ta gama shiga ba, ɓas! Ta tsage da kanta! Ja wur! Ƙwayoyin zaƙin nan suna walƙiya a jikinta kamar an watsa mata rairayi. Mai yashi kenan! Ƙasar yashi ta haifi kankana mai yashi! Na gatsa, ruwa ya biyo haɓata har wuya. Ashe da gaskiyar masana da suka ce kusan kashi 92 cikin 100 na kankana ruwa ne zalla. Tulu ce Allah ya rufe da kore ya ajiye wa mutanen ƙasar zafi.

Sai gurji. 'Yan ƙanana, masu zane-zane, da raɓa a jikinsu. Na goge ɗaya a gefen mayafi na gatsa. Garas! Wani ɗan ƙamshi mai sanyi ya cika mini baki. Na tambayi latas, Baffa ya nuna mini shi ya yi tsiri ya miƙe sama.

"Wannan ɗan hunturu ne. Da zafi ya shigo sai ya tsufa ya yi ɗaci. Bar shi sai baɗi."

Maimakonsa ya tsinko mini na'ana'a a bakin magudana, cikin tafi guda. Muka biya ta gindin mangwaro. Binta siga nunanniya guda takwas, masu ƙarfi a hannu, waɗanda ba su yi luguf ba. Sai guda biyu da suka ƙosa amma ba su gama nuna ba, don tsaminsu ake so. Albasa ja guda biyu. Tumatir 'yan kaɗan masu tauri.

"Baffa, me ya sa sai da asuba?"

"Abin da aka tsinka da asuba, da sanyin dare a jikinsa yake zuwa gida."

To, yanzu ku gyara zama. A nan ne kaina ya ɗaure.

Muna shiga gida Gwaggo ta ja hannuna zuwa bayan ɗakinta, ƙarƙashin wata rumfa inda iska ke ratsawa. Ga wasu manyan tukwanen ƙasa guda biyu, kowace an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ta yaye ɗaya. Ashe tukunya ce cikin tukunya! Ƙarama a cikin babba, an cika tsakaninsu da yashi, yashin kuma jiƙe sharkaf.

"Sa hannunki."

Na sa.

Kai! Kai! Subhanallahi! Sanyi! Na zare hannu, na taɓa bangon ɗaki, zafi zau. Na mayar da hannu cikin tukunya, sanyi! Na sake zarewa, na sake mayarwa. Sau uku! Ba irin sanyin ƙanƙara mai sa haƙori tsami ba, sanyin randa ne, amma wanda ya ninka, ya zauna, ya yi zurfi, kamar ka zura hannu a rijiya da asuba. A ƙasan tukunyar ga tumatir da attaruhun da Gwaggo ta ce sun haura mako a ciki, sumul, ko yamutsewa ba su yi ba!

"Gwaggo! Wannan wane irin abu ne?"

Ta yi dariya. "Firjin talaka. Ba ya shan mai, ba ya jiran wuta. Ruwa kawai yake sha, safe da yamma."

Ku ji yadda abin yake aiki, don ni sai da na bi diddigi. Kun ga yadda in mutum ya yi gumi, iska ta kaɗa shi, sai ya ji sanyi? To tukunyar nan gumi take yi! Ruwan da ke cikin yashi yana tsatsafowa ta jikin babbar tukunya, busasshiyar iska ta kwashe shi, yana tafiya yana tafiya da zafin da ke ciki. Iya bushewar iska, iya sanyin tukunya. Wato bazarar nan da muke kuka da ita, ita ce ma take hura mata sanyi!

Kuma kun san a ina aka ɗaga wannan hikima har duniya ta san ta? A nan! A Jigawa! Wani malami ne da ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, Mohammed Bah Abba, wanda ya tashi a gidan maginan tukwane. A shekarun 1990 ya zauna ya gyara tsarin tukunya cikin tukunya, ya sa magina suka gina masa guda 5,000, ya raba a ƙauyukan Jigawa. A gwajin da ya yi, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Kwana 27! A shekarar 2000 kamfanin agogon nan na Rolex ya ba shi lambar yabo da dala 75,000 saboda wannan aiki. Har ya lura cewa in kayan lambu ba sa saurin ruɓewa, ba sai an tura yarinya talla kullum ba, sai ta samu zuwa makaranta.

Dutse fa! Garin da nake kwana nake tashi! Da tsohuwar zuma ake magani, wallahi.

Muka hau wanki. Gwaggo ba ta wasa da wannan. Hannu da sabulu tukuna. Ruwan fanfo mai tsabta a babbar roba, da ɗan gishiri, a wanke gurji, a wanke tumatir, a wanke na'ana'a ganye-ganye, a ɗauraye sau biyu. Har kankanar da ba a cin ɓawonta sai da ta sa na cuɗe ta tas.

"Wuƙa ta baya take shiga," in ji ta. "Duk dattin da ke waje, ita za ta kai shi ciki. Ba a dafa wannan abincin, wankinsa shi ne dahuwarsa."

Muka jera komai cikin tukwanen nan ba tare da an yanka ba, muka ƙara wa yashi ruwa, muka mayar da buhu. Sannan muka koma kan kayan haɗi.

Riɗi! Rabin gwangwani a busasshen kasko, wuta kaɗan-kaɗan. Can sai ya fara tsalle, tas, tas, tas! Ƙamshi ya tashi, ya tsallake katanga, har maƙwabciya ta leƙo tana tambaya ko kantu ake yi. Riɗin Jigawa, wanda ake lodawa a manyan motoci a kai tashar jirgin ruwa a fitar da shi ƙasashen waje, ga shi yana rawa a kaskon Gwaggo.

Ƙuli-ƙuli gwangwani biyu a turmi. Na ɗaga taɓarya zan kirɓa, Gwaggo ta riƙe ta.

"A hankali! Ɓarza shi za ki yi, kada ya zama gari. Ana so haƙori ya same shi."

Albasa kuwa siriri-siriri, kamar zare. Ta zuba a ƙoƙo, ta matse mata lemon tsami uku, ta ajiye gefe. Da na dawo bayan ɗan lokaci, sai na ga ta sauya launi! Ta koma ruwan hoda mai haske, zafin nan nata mai sa hawaye ya kwanta, sai ɗan garɗi da tsami.

Sai dabino. Dabinon Dutse, wanda ko tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya a garin take. Cikin tafi biyu. Muka zaɓi masu taushi, muka cire ƙwallo, muka tsaga kowane gida huɗu. 'Yan busassun cikinsu muka jiƙa su kaɗan a ruwa har suka saki jiki.

Na ce to, mu yanka mu haɗa mu huta. Gwaggo ta girgiza kai.

"Sai mun ji guɗa. Gishiri in ya daɗe da kankana, sai ya tsotse mata ruwa ta kwanta. Ƙuli in ya daɗe a ruwa, sai ya zama kunu. Wannan haɗin ba ya jiran baƙo, baƙo ne yake jiransa."

Azahar ta wuce. Zafi ya kai intaha. Ko ganyen darbejiya ba ya motsi. An gama shinkafa, an soya kaji, zoɓo na cikin tulu. Can sai ƙarar motoci a ƙofar gida. Sai guɗa! Ayyururui! Akwatuna na shigowa a kan 'yan mata, turare ya cika tsakar gida, "Lale marhabin! Sannunku da hanya! Sannunku da rana!" Baƙin nan sun shigo fuska duk gumi, kowa na fifita da gefen mayafi.

Aka shimfiɗa musu tabarmi a rumfa, aka kawo ruwa. Gwaggo ta ƙifta mini ido. Muka zagaya baya da sauri.

Ta ɗauko wani tsohon akushi, baƙi wuluk, babba, wanda ta ce na kakarmu ne. Kankana ta fito daga tukunya, sanyinta har tafin hannu. Yanka, cire 'ya'ya, gutsi-gutsi daidai loma. Mangwaro haka. Gurji a kankare shi sama-sama, a yi masa ƙwaya-ƙwaya. Tumatir a matse 'ya'yansa. Zuba! Zuba! Albasar nan da ruwan tsaminta. Dabino. A ƙara matse lemon tsami uku. Zuma cokali biyu, man gyaɗa cokali ɗaya. Gwaggo ta sa hannu ta juya sau biyu kacal, daga ƙasa zuwa sama, a hankali kamar mai juya jariri. Sannan ruwan ƙuli-ƙuli ya sauka. Sannan riɗi. Sannan ɗan gishiri da yaji a tsinin yatsu. Ta yayyaga na'ana'a ta watsa.

Jama'a, ku zo ku ga kala! Ja, rawaya, kore, ruwan hoda, ruwan ƙasa, duk a cikin baƙin akushi! Kamar an buɗe akwatin lefe na biyu!

Ta ɗebo a ludayi ta miƙo mini. "Ɗanɗana gishiri."

Na kai baki.

Sanyi ne ya fara isowa. Ya bi harshe, ya bi maƙogwaro, har ƙirji na ji shi. Sai kankana ta fashe, zaƙi ya malale. Kafin in gama jin wannan, tsamin lemo ya tsinke shi, tsal! Sai gurji, garas! Sai ƙuli-ƙuli, ƙurus-ƙurus, da garɗin nan nasa na gyaɗar da ta sha wuta. Sai dabino ya zo a hankali, mai nauyi, mai danƙo, kamar babban baƙo da ke shigowa a ƙarshe. Can daga baya, can ƙasan harshe, yaji ya ɗaga kai, ɗan kaɗan, daidai yadda zai sa ka nemi loma ta biyu don ka kashe shi. Ka kashe shi, ya sake tashi. Ka sake kai loma!

Na rufe ido. Na buɗe. Na ce, "Gwaggo!" Iyakar abin da na iya faɗa kenan. "Gwaggo!"

Muka kai akushi tsakiyar tabarma, da 'yan faranti da cokula. Aka yi tsit. Hajiya Babba, yayar mahaifin ango, wadda ita ce jagorar tafiyar, ta sunkuya ta duba.

"Ikon Allah. Wannan kwaɗo ne ko kayan marmari?"

Gwaggo ta ce, "Hajiya, a dai taɓa."

Ta ɗiba. Ta tauna. Ta tsaya. Ta sake ɗiba. Sauran suka miƙo faranti. Daga nan ba ka jin komai sai garas-garas da ƙarar cokali. Shinkafa na gefe, kaji na gefe, ba wanda ya waiwaye su! Can wata dattijuwa daga Kano, cokali a hannu, ido a lumshe, ta ce:

"Ni kam a Migan nan ana samun gidan haya?"

Rumfa ta kwashe da dariya! "Santi! Inna ta yi santi!" Ita ma tana dariya tana miƙo faranti a ƙara mata.

A cikinsu akwai wata malamar Islamiyya, mai natsuwa, tun da suka zo ba ta yi dogon zance ba. Ta ɗago yankan gurji da ɓarin dabino a cokali ɗaya, ta ce:

"Hajiya, kun san abin da kuka haɗa kuwa? Ai wannan yana cikin hadisi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Ja'afar cewa ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana haɗa danginsu gurji da ɗanyen dabino. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito daga Nana A'isha cewa yana haɗa kankana da ɗanyen dabino."

Tsigar jikina ta tashi! Yarr! Rumfa ta ɗauki salati. Na dubi akushin nan, na dubi Gwaggo. Ita ko murmushi kawai take yi, tana gyara ɗaurin ɗankwali. Abin da na ɗauka sabon salo ne, ashe tushensa ya haura shekara 1,400!

Ba a gama wannan ba, wata budurwa ƙanwar ango, wadda ta yi karatu a Malesiya, ta ce ita fa abin ya tuna mata da can. Wai suna da wani haɗi da suke kira rojak, su da mutanen Indunusiya: 'ya'yan itace da kokumba, a kwaɗa su da dakakkiyar gyaɗa da barkono da abin zaƙi. Ta ce a Meziko ma, ƙasar da ke sayen zoɓon da ake nomawa a nan Jigawa, a bakin titi ake sayar da mangwaro da kankana an matsa musu lemon tsami an barbaɗa barkono da gishiri.

Kai! Ashe duk inda rana ke duka, harshen ɗan Adam hanya ɗaya yake bi! Zaƙi, tsami, gishiri, yaji, ruwa. Jikin da ya yi gumi ya zubar da ruwa da gishiri, ga akushi ya mayar masa da duka biyun.

Sai wani tunani ya faɗo mini ina tsaye da tire a hannu. Su kansu 'yan cikin akushin ai baƙi ne! Mangwaro daga Indiya asalinsa. Gyaɗa da tumatir da barkono daga nahiyar Amurka suka ƙetaro teku. Dabino daga ƙasashen Larabawa. Lemon tsami daga Asiya. Kankana ce 'yar gida, 'yar Afirka, 'yar uwar guna da agushi. Dukkansu ƙasar Hausa ta yi musu shimfiɗa, suka zauna, suka zama namu, har muka raɗa musu suna irin su binta siga. Yau ga su sun taru suna tarbar wasu baƙin!

Kafin la'asar akushi ya koma baƙinsa wuluk. Ko ƙwayar riɗi ba a bari ba. Ruwan da ya taru a ƙasa, jan nan mai tsami-tsami da garɗin ƙuli, Inna mai neman gidan haya ta ce a tsiyaye mata a kofi. Ta shanye!

Da za su tafi, bayan an ga kaya an yaba, an ba da tukwici, Hajiya Babba ta riƙe hannun Gwaggo.

"Hajiya, tsakaninki da Allah, a ina kuka samo ƙanƙara a wannan zafin?"

"Babu ƙanƙara, Hajiya. Kankana dai."

Ta ja ta bayan ɗaki. Mata goma sha biyu, da leshi da gwala-gwalai, suka yi layi a ƙarƙashin rumfa, kowace na zura hannu cikin tukunya tana cewa "Kai!" Wannan ta zura, "Kai!" Waccan ta zura, "Kai, jama'a!" Hajiya Babba ta juyo ta ce, "Gidan da ya iya wannan, mun san irin 'yar da za mu ɗauka." Na ga idon Gwaggo ya ciko.

To ku saurara, don ina so ku ma ku yi. Na mutum goma sha biyu: kankana 2 matsakaita, mangwaro 10, takwas nunannu biyu masu tsami, gurji 8, in babu a sa kokumba, tumatir 4, albasa ja 2, dabino cikin tafi biyu, lemon tsami 6, ƙuli-ƙuli gwangwani 2, riɗi rabin gwangwani, zuma, man gyaɗa, gishiri, yaji, na'ana'a. A wanke tas. A sanyaya kafin a yanka. A jiƙa albasa a lemon tsami. Ƙuli da gishiri su zo a ƙarshe, sai baƙi sun zauna. In an haɗa a cinye a take, kada a bar yankakken kayan marmari ya wuni a zafi.

Tukunya kuwa, ku je wurin magina. Babba da ƙarama, babbar kada ta zama mai fenti, don ta jikinta take numfashi. In akwai huda a gindi a toshe. Yashi a ƙasa, a zaunar da ƙaramar, a cika gefe da yashi, a jiƙa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Shi kenan! Shi kenan fa!

Amma ku yi sauri! Mangwaro ba ya jira. Kuma da zarar damina ta sauka, iska ta yi laima, tukunya ba za ta yi gumi kamar yanzu ba, sanyinta zai ragu. Yanzu ne lokacinta, yanzu da rana ke ƙuna, yanzu da kowane baƙo ke shigowa da busasshen maƙogwaro.

Washegari na koma Dutse da tukwane biyu, ɗaya cikin ɗaya, a kan cinyata, na rungume su tun daga Miga har gida don kada ramin hanya ya taɓa su. Buhun yashin fadama na bayan mota, Baffa ne ya ɗebo mini da hannunsa. Suna nan yanzu a inuwar bayan ɗakina. Akwai kankana mai yashi a ciki tun asuba, da gurji shida, don ƙawayena na nan tafe bayan la'asar, kuma ban gaya musu komai ba. So nake in ga fuskarsu!

Kai, bari in tashi haka nan. Lokacin jiƙa yashi ya yi!